Tambaya da Amsa: Wai da gaske an tono garin Troy har da zinaren Helen?

TAMBAYA:
Assalamu alaikum Malam. Don Allah a taimaka min, ƙanina ne ya jefa ni a damuwa. Yana aji biyu a jami'a, kwanan nan ya kamu da kallon wasu bidiyoyi a TikTok da YouTube kan yaƙin Troy, yanzu ba shi da magana sai wai an tono garin a Turkiyya, an samu zinaren Helen, matar da aka ce saboda ita aka yi yaƙin, da taskar Priam sarkin garin, don haka duk labarin gaskiya ne, har cewa yake su Zeus da Atina, allolin Girkawan da, aljanu ne da suka shiga yaƙin da gaske. Da na yi masa faɗa sai ya nuna min hoton wata mata sanye da zinaren. Na ɗan karanta Iliad, waƙar mawaƙin Girka Homer kan yaƙin, a makaranta amma ba ni da hujjar da zan rufe masa baki, kuma wallahi ina tsoron kar abin ya taɓa masa aƙida. Mene ne gaskiyar magana?

AMSA:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka, ƙanin naka ba ɓata ya yi ba, hannun 'yan neman mabiya ya faɗa, masu ɗauko gaskiya cikin cokali su zuba mata ƙarya cikin bokiti. Labarin dai ka san shi, wai Paris ɗan sarki Priam ya ɗauke Helen, Girkawa suka yi wa Troy ƙawanya shekara goma, daga ƙarshe suka ci garin da dabarar dokin katako, to mu tafi kan zinaren nan, don wallahi maganar ta ishe ni, kusan kullum sai wani ɗalibi ya turo min hoton nan da murnarsa kamar shi ya haƙo.

Garin dai akwai shi, babu gardama. Wani tudu ne da ake kira Hisarlik a lardin Canakkale na Turkiyya, kusa da mashigin ruwan Dardanelles, UNESCO ma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1998. Amma abin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne ba gari ɗaya ba ne a tudun, garuruwa ne wajen tara, wani a kan wani, in wannan ya rushe ko ya ƙone sai a baje a sake gini a kai, haka aka yi ta yi dubban shekaru. To in mutum ya ce maka an tono Troy, sai ka ce masa wacce daga ciki?

Wanda ya haƙo zinaren sunansa Heinrich Schliemann, Bajamushe ne ɗan kasuwa da ya tara kuɗi a Rasha da Amurka, ba masanin tono ba ne. Wani Bature mai suna Frank Calvert, wanda ya mallaki wani ɓangare na tudun kuma ya riga shi fara tono, shi ya nuna masa wurin. Shi Schliemann ya riga ya ƙudurce a ransa cewa garin Priam dole can ƙasa yake, sai ya sa leburori suka tsaga tudun da wani ƙaton rami, suna fasa gine-gine suna watsar da duwatsu, kuma abin takaicin cikin abin da ya fasa har da na zamanin da yake nema ɗin. A 1873 ya ci karo da tarin zinare da azurfa da tagulla, nan take ya raɗa masa suna taskar Priam, ba rubutu a jiki, ba sunan kowa, son zuciyarsa ne kawai. Yau kowa a fagen ya san kayan na Troy ta biyu ne in an ƙirga daga ƙasa, wajen shekara 2400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), alhali yaƙin, in ma an yi shi, Girkawan da kansu wajen 1184 kafin Miladiyya suka sa shi a lissafin masaninsu Eratosthenes. Ka ga tazarar ta haura shekara dubu. Yaya Helen za ta sa ɗan kunnen da aka binne shekara dubu kafin a haifi kakan kakanta?

Matar da ke hoton kuwa Sophia ce, matar shi Schliemann ɗin, 'yar Girka, shi ya ɗora mata kayan aka ɗauki hoto. Har ya rubuta wai tana wurin ranar, wai a mayafinta ta naɗe zinaren ta fitar, daga baya ta bayyana ba ta ma nan, shi da kansa ya amsa. Kayan ma sace su ya yi ya fitar daga ƙasar, gwamnatin Usmaniyya ta kai shi kotu ya biya tara. Daga nan suka tafi Berlin, sojojin Sobiyet suka kwashe su a 1945, aka yi shekaru ana cewa sun ɓata, sai a 1993 Rasha ta amsa suna hannunta, yanzu haka suna gidan tarihi na Pushkin a Mosko. Kuma halinsa ne, a 1876 ya tono wata fuskar zinare a Mycenae ta ƙasar Girka da har yau ake ce mata ta Agamemnon, jagoran Girkawa a labarin, ita ma ta girmi zamanin yaƙin da ɗaruruwan shekaru. Wannan mutumin ne fa 'yan TikTok suke kafa hujja da shi.

Waɗanda suka zo bayansa sun fi shi natsuwa. Wani masanin tono Dörpfeld ya ce garin yaƙin Troy ta shida ce, mai manyan ganuwa, sai Carl Blegen da ya yi tono daga 1932 zuwa 1938 ya ce a'a, waccan alamu sun fi nuna girgizar ƙasa ce ta rusa ta, ya karkata ga wadda ke samanta, ta bakwai, da ta ƙone wajen 1180 kafin Miladiyya, an samu kawunan kibau da ƙasusuwan mutanen da ba a binne ba. To wannan yana nuna an kai wa garin hari. Wa ya kai? Tono bai faɗa ba. Kuma a daidai lokacin garuruwa da yawa a yankin sun ƙone, daular Hitiyawa da ke ƙasar Turkiyya ta yanzu ta faɗi, fadojin Girkawan kansu sun rushe, wato su da ake cewa sun ci yaƙin su ma gidansu na cin wuta.

Abin da ya fi kusa da hujja rubuce-rubucen Hitiyawa ne, waɗanda masu bidiyo ba sa kawowa saboda ba su da ƙyalli. Sun ambaci wani gari Wilusa, wanda mafi yawan masana suka yarda shi ne Ilios, wato Troy, da wani sarkinsa Alaksandu da ya ƙulla yarjejeniya da sarkin Hitiyawa Muwatalli na biyu wajen 1280 kafin Miladiyya, sunan kuwa ya yi kama da Alexandros, ɗaya sunan Paris. Akwai kuma wata wasiƙa da ke nuna an taɓa samun saɓani kan Wilusa tsakanin Hitiyawa da ƙasar Ahhiyawa, da ake ganin Girkawa ne. Iyakarta kenan. Babu Helen, babu doki, babu shekara goma, babu jirage 1,186 da aka lissafa a Iliad. Ni a ganina an yi rigingimu a wannan gaɓar teku, mawaƙa suka yi ta rerawa baki da baki wajen shekara ɗari huɗu kafin ta zama Iliad a ƙarni na takwas kafin Miladiyya, kowa na ƙara gishirinsa, shi ya sa za ka ga hular yaƙi ta haƙoran gadu, ta tsohon zamani sosai, a waƙa ɗaya da al'adun da sai daga baya suka zo. Ka je Daura yau za a nuna maka rijiyar Kusugu har ka sha ruwanta, amma ganin rijiyar bai zama ka ga macijin da Bayajidda ya kashe ba.

Sai batun aljanu, wanda na san shi ya fi tayar maka da hankali. Hukuncinsa a addini na malaman addini ne, ka kai musu, ni ba fagena ba ne. Amma a nawa fagen, babu dutse ko allo ko tukunya ɗaya da aka tono mai nuna wani Zeus ya sauko fagen daga, mai bidiyon daga kansa ya ƙirƙiro ya jingina wa masu tono don ta sayu. Abin dariya ma tun a zamanin Girkawan akwai waɗanda ba su haɗiye labarin haka ba. Xenophanes tun ƙarni na shida kafin Miladiyya ya soki Homer da cewa ya jingina wa alloli sata da zina da yaudara. Plato cewa ya yi kar a koya wa yara irin waɗannan labaran. Herodotus ya kawo ruwayar limaman Masar cewa Helen ba ta ma taɓa taka Troy ba, a Masar ta zauna, kuma ya ce ya fi yarda da ita. Mutanen da suka tashi cikin bautar gumakan suna ja da labarin, sai kuma wani yaro mai waya da fitilar ɗaukar bidiyo ya zo bayan shekara dubu biyu da ɗari biyar yana rantsuwa an tabbatar, ana danna masa so dubu-dubu, ba wanda zai ce malam ina ka karanta.

Shawarata kar ka hana shi karatun, kuma ka rage faɗan, don yaro in ka matsa sai ya ɗauka wani sirri ake ɓoye masa, irin abin da masu bidiyon suke so kenan. Ka samo masa Iliad ɗin kanta ya karanta a matsayin waƙa, sannan ka ce ya nuna maka inda dokin katako yake a ciki. Ba zai samu ba, da jana'izar Hekta jarumin Troy littafin ya ƙare, garin ma ba a ci shi ba tukuna, labarin doki a Odyssey, ɗaya waƙar Homer, yake a taƙaice, cikakkensa kuma sai a waƙar Virgil Barume. Duk mai bidiyon da ya ce masa a Iliad ya ga dokin, fim ya kalla, ya cire shi daga waɗanda yake bi.