Shin sai da bangon gilashi gini yake zama na zamani?

Tambaya: Ƙungiyarmu za ta gina ɗakin karatu a yanki mai tsananin zafi. Mun so fuskar ginin ta zama gilashi tun daga sama har ƙasa, irin waɗanda muke gani a hotunan manyan birane. Sai mai zanen gini ya kawo mana zane mai kaurin bango na tubalin ƙasa, da tagogi madaidaita, da rufi ɗage sama da silin. Wasunmu na cewa ya mayar da mu baya. Mu karɓa, ko mu nemi wani?

Amsa: Malam, kada ku yi saurin sallamarsa. Daga abin da ka bayyana, mutumin ya dubi rana da iska kafin ya dubi hoto, kuma da haka aikin mai zane yake farawa.

Bangon gilashin da ya burge ku yana da asali. A Jamus ya yi suna, inda makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya kafa a 1919, ta gina mazauninta na Dessau a 1926 da faffaɗan bango na gilashi. Can ƙasar sanyi ce, rana baƙuwa ce da ake marhabin da ita cikin ɗaki. Daga baya salon ya bunƙasa a Amurka da gine-gine irin Seagram na New York, wanda Mies van der Rohe ya zana aka kammala a 1958. Abubuwa biyu suka ba shi damar yaɗuwa duniya: na'urar sanyaya iska, wadda Willis Carrier ya ƙirƙiro a 1902, da sabuwar hanyar ƙera gilashi da kamfanin Pilkington ya fito da ita a 1959, wadda ta sa manyan faranti suka yi araha. Ma'ana, dogon ginin gilashi tun farko ya dogara ne da wutar lantarki da ba ta yankewa. Ranar da na'urar ta tsaya, ba mai iya zama a ciki.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Hasken rana yana ratsa gilashi ya sauka kan daɓe da kujeru da littattafai, su ɗauki zafi, sannan su sake shi. Wannan zafin da suka saki ba ya iya ratsa gilashin ya fita cikin sauƙi, sai ya taru. Duk wanda ya taɓa buɗe motar da aka rufe a rana ya san abin da nake nufi. Ga ɗakin karatu kuwa akwai ƙarin ɓarna: hasken rana kai tsaye yana kashe ido, yana koɗar da launin takarda da bangon littafi. Ƙarshenta za ku sayi labule masu kauri ku rufe gilashin da kuka kashe kuɗi a kansa, ku kunna fitila da rana tsaka. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba ke nan.

Ko a ƙasar sanyi ma gilashi kan yi ta'adi. A 2013 wani dogon bene a titin Fenchurch na Landan, mai lanƙwasasshiyar fuska, ya tattara hasken rana ya haska shi kan titi har ya narkar da wasu sassan motar da aka ajiye. Sai da aka ɗaura masa abin tare rana daga baya. A Abu Dhabi, hasumiyoyin Al Bahar da aka kammala a 2012 na gilashi ne, amma an lulluɓe su da wasu laimomi masu buɗewa da rufewa gwargwadon inda rana take. Masu kuɗin ma sai da suka nemi inuwa.

Abin da mai zanenku ya kawo kuwa, shi ake yayi a yau tsakanin manyan masana. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya yi karatu a Balin ta Jamus, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin laka wanda aka gauraya da ɗan siminti aka matse. Ya ɗage rufin kwano sama a kan ƙarafa, ya bar rata tsakaninsa da silin na laka mai ƙofofi. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta hau ta fice ta sama, mai sanyi ta shigo ta tagogi. Kwanon ya zarce bango sosai, yana ba shi inuwa yana kare shi daga ruwa. Wannan makaranta ta ci lambar yabo ta Aga Khan ta zanen gine-gine a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a wannan fanni. A Harare, cibiyar Eastgate da Mick Pearce ya zana aka kammala a 1996 ta ari dabara daga surin gara: fankoki na tura sanyin dare cikin kankaren ginin, da rana kankaren ya riƙa shanye zafin ofisoshi.

Kaurin bango ma irin wannan aikin yake yi. Zafin rana kan ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa shi, lokacin da zai iso ciki gari ya riga ya yi sanyi, an buɗe tagogi. Sai dai ga sharaɗi da mutane ke mantawa: dabarar tana aiki ne inda dare ke da sanyi fiye da rana sosai. A wuri mai laima, inda dare da rana kusan ɗaya ne, bango mai kauri kan riƙe zafi ya hana barci. Can sai gini marar nauyi mai yawan mashigar iska. Don haka ku tambaye shi me ya sa ya ga ya dace da yankinku, ya kuma nuna muku da lissafi.

Kada kuma ku bari a ruɗe ku da daɗin baki cewa ƙasa ba ta da aibi. Babban abokin gabarta ruwa ne. Ku tabbatar harsashin dutse ne ko kankare, ya ɗaga sama da ƙasa yadda danshi ba zai hau bango ba. Rufin ya zarce bango. Indararo ya zubar da ruwa nesa. A gwada ƙasar da za a yi tubalin da ita kafin a fara, domin ba kowace ce ke matsuwa ba. A kuma nemi maginan da suka taɓa irin aikin. Ni a ganina yawancin gine-ginen ƙasa da suka lalace, hannun magini ne ya kashe su.

Idan har mutanenku sun nace sai sun ga gilashi, ana iya sasantawa. A sa shi a fuskar arewa ko kudu, inda rana ke wucewa ta sama, ɗan baranda ko rumfa ya isa ya tare ta. A guje wa gabas da yamma, musamman yamma, domin ranar la'asar tana zuwa ne a kwance, ba rumfar da ke tare ta, ga shi lokacin ginin ya riga ya sha zafin yini. Tagogi na can sama kusa da silin sun fi amfani ga mai karatu, suna watsa haske cikin ɗaki ba tare da ya faɗo kan shafi ba. Ku roƙi mai zanen ya nuna muku a kwamfuta inda inuwa za ta faɗa ƙarfe 9 na safe da ƙarfe 4 na yamma, a watan da ya fi zafi, a kan zanensa da kuma a kan wanda kuke so, sannan ku zauna ku zaɓa.