Amsa ga ƙanwarmu da ta tambayi ma'anar mistisizim

Wa alaikumus salam. Malama kin ce kin ci karo da kalmar mistisizim a handawut ɗinku, wata ta ce maki sufanci ne, wata kuma ta ce tsibbu, to wanne ne gaskiya. Ni dai ba malami ba ne, tela ne, amma a gidan ɗariƙa na tashi nan wajen Ƙofar Guga a Katsina.

Ta farkon ta fi kusa. Abin da Turawa ke nufi shi ne neman kusanci da Ubangiji ta hanyar zuciya, mutum ya ɗanɗana da kanshi, ba karatu kawai ba, kuma suna faɗin ta ga Kiristoci da Yahudawa da 'yan Hindu, ba mu kaɗai ba. Namu na Musulunci shi ne tasawwufi, da yawan malamai sun ce daga sufu ya samo suna, rigar gashin tumaki da masu gudun duniya ke sawa.

Ina yaro ni ke ɗaukar ma kakana farin ƙyalle zuwa zawiya bayan Magariba, a zauna a yi da'ira, istigfari 30, Salatil Fatihi 50, hailala 100, sai a shimfiɗa ƙyallen a karanta salatin Jauhara 12, wallahi tsohon nan sai ki ga hawaye na bin gemunshi, in an tashi ya sa takalminshi mu taho gida bai ce ma kowa uffan ba. Bai taɓa ba kowa laya ba, bai buga ƙasa ba. Wannan wazifar Tijjaniyya ce ta Shehu Ahmadu Tijjani da ya rasu a Fas 1815, 'yan Ƙadiriyya kuma nasu daban, su ne masu bandiri, Shehu Ɗan Fodiyo ma Baƙadire ne.

Inda ƙawar taki ta samo tsibbu, a bakin mutane kalmar ta zame. Bature ma in abu ya shige mashi duhu sai ya laƙa mashi sunan mistisizim, mu kuma nan duk wanda ya shiga halwa ko ya rataya dogon carbi sai a ce ai yana da asiri. Ko Wali Ɗan Marina, tsohon malamin nan na Katsina, labarin karamarshi ya fi yawo a gari bisa ga karatunshi. Har ma in mutum bai damu da sutura ba sai ki ji an ce wane ai sufi ne, ko da bai san lazimi ba, wato wuridin safe da yamma na 'yan ɗariƙa.

Maganar halacci kuwa, wannan tsakanin Izala da ɗariƙa ne, kada a jawo mani rigima a gurup. A jarabawa dai rubuta sufanci, ki ƙara da cewa kalmar ta haɗa har da wasu addinai.