Agogon juyin inji a ƙaramar taraktar lambu: me ya sa yake nuna 7,000?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar tarakta ta aikin lambu, irin mai wuƙaƙen yankan ciyawa a ƙarƙashinta. Injinta Briggs & Stratton ne na fetur, mai silinda ɗaya. Ba ta zo da agogon da ke nuna gudun inji ba, kuma ina so in sa mata. Ina da wani da aka cire daga mota mai silinda huɗu, ko zai yi? Na kuma ari ɗan ƙaramin nan mai lambobi da ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi, da na buɗe totur gaba ɗaya sai ya nuna kusan 7,000. Injin ne ke shirin fashewa, ko agogon ne ba shi da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, da injin nan ya kai juyi 7,000 a minti ɗaya da ba sai agogo ya gaya maka ba, ƙararsa kaɗai ta isa ta sa ka kashe shi da gudu. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne yana yin wajen 3,500, agogon kuma yana ninka lissafin sau biyu. Dalilin ninkin shi ne zuciyar wannan aiki, don haka bari mu tsaya a kansa.

Wannan agogo ba ya ganin juyin inji. Tartsatsin fulogi yake ƙirgawa. Duk lokacin da wuta ta bi ta wayar fulogi, siririyar wayar da ka naɗa tana jin motsinta ta bayan roba, sai agogon ya ƙirga ɗaya. Daga nan sai ya mayar da ƙirgen zuwa juyi bisa abin da aka gaya masa. To a ƙa'ida, inji mai bugu huɗu yana buƙatar tartsatsi ɗaya ne a kowane juyi biyu, kuma mutane da yawa haka suke saita agogon don sun san injinsu mai bugu huɗu ne. Amma ƙananan injinan nan maganeto gare su: maganaɗisu ne a jikin fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da inji, duk sanda ya wuce ta gaban koyil sai wuta ta tashi. Fulawil bai san bugun ƙonewa da na fitar da hayaƙi ba, yana wucewa sau ɗaya a kowane juyi, fulogi kuma yana tartsatsi sau ɗaya a kowane juyi. Ɗaya ya ƙona mai, ɗayan ya tashi a banza cikin hayaƙi. Idan ka ce wa agogo kowane tartsatsi juyi biyu ne alhali ɗaya ne, dole ya nuna maka ninki.

Gyaran bai fi danna maɓalli ba. Nemi saitin da ke nufin tartsatsi ɗaya a juyi ɗaya. Wasu agogunan suna rubuta shi 1P1R, wasu kuma, irin su Tiny-Tach, da digiri suke nunawa, nasa shi ne 360. Injinan silinda biyu masu siffar V na Kohler, Kawasaki da Briggs su ma kowace silinda da koyil ɗinta, saboda haka saitin ɗaya ne, a waya ɗaya kawai za a naɗa. Inda lissafin ke sauyawa shi ne tsofaffin injina irin Kohler K masu kwantak da koyil na batir. A cikinsu kamshaf ne ke buɗe kwantak, shi kuwa kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, rabin gudun kiranshaf, babbar sandar juyin inji, yake yi, don haka tartsatsi ɗaya ne a juyi biyu, saitinsu 720 ko 1P2R. Wanda ya bar irin wannan inji a 360 zai ga rabin gudunsa na gaskiya, wannan kuwa ya fi naka haɗari, don zai ɗauka injin ya mutu ne ya tafi ƙara masa wuta.

Agogon motar kuwa, ka bar shi inda yake. An yi shi ne ya jira tartsatsi biyu a kowane juyi, don haka ko da ya karɓi sigina daga injinka rabi zai nuna, 3,500 ta koma 1,750. Babbar matsalar ma ba ita ce wannan ba. Yana ɗaukar siginarsa ne daga ƙafar nagatif ta koyil mai aiki da batir, maganeto kuwa ba ta da wannan ƙafa. Ban da wayar fulogi, waya ɗaya tak ke fitowa daga cikinta, wato wayar kashe inji, wadda makulli ke haɗawa da jikin ƙarfe idan ka murɗa shi. In wutar batir mai bolt 12 ta shiga wannan waya ko da na ɗan lokaci ne, koyil na iya ƙonewa. Ga kuma fuskarsa mai kaiwa 8,000, alhali duk aikin injinka bai wuce rabin wannan ba, allurar za ta ƙare rayuwarta a kusurwa ɗaya.

Shawarata ka sayi irin wanda ka ara, musamman mai haɗe da ƙirgen awoyin aiki, domin da awoyi ake canza baƙin man waɗannan injina, ba da nisan tafiya ba. Sa shi kuma abu ne mai sauƙi, sai dai akwai wuraren da ake tuntuɓe. Kashe inji, bari ya huce, cire makulli. Naɗa wayar sau huɗu ko biyar a jikin wayar fulogi, naɗin ya matse, zagaye kusa da zagaye, ka bar ɗan tazara daga hular fulogi da kuma koyil, sannan ka ɗaure ƙarshenta da igiyar roba mai zugewa. Kada ka feƙe robar ko ɗaya daga cikinsu, ba a son ƙarfe ya taɓa ƙarfe. In agogon yana da waya ta biyu, ɗaure ta a noti mai tsabta a jikin inji, inda babu fenti ko tsatsa. Sauran wayar ka bi da ita nesa da salansa, nesa da bel da fanka, kuma kada ka dunƙule rarar ta kusa da koyil, don za ta riƙa tsintar wutar da ba tata ba.

Bayan ka tayar, dubi yadda lambobin ke yi. In suna tsalle sama suna wuce hankali, sigina ta yi yawa, rage zagaye ɗaya. In suna faɗuwa zuwa sifili ko suna raguwa idan ka ƙara wuta, ƙara zagaye ɗaya ko biyu. In duk wannan bai yi ba, duba fulogin: wanda ba shi da rasista yana watsa hayaniyar lantarki, mai rasista kuwa yawanci za ka ga harafin R a lambarsa, kamar RC12YC na Champion. Ka kuma sani lambobin ba sa sauyawa nan take, sukan ɗan jinkirta, wannan ba lalacewa ba ce. Abin da ba na so game da masu arha shi ne da yawansu batirinsu a rufe yake cikin roba, ranar da ya ƙare agogon ya gama, awoyin da ya tara su ma sun tafi. In ka samu mai murfin batir, shi za ka ɗauka.

In kuwa allura kake sha'awa a gaban sitiyari, akwai hanya. Injinan da ke cajin batir suna da naɗin waya a ƙarƙashin fulawil mai fitar da wutar AC zuwa ragulato, kuma agogunan da ake yi wa injin jirgin ruwa na waje suna karanta irin wannan wuta. Suna da maɓalli a baya na zaɓen yawan ƙafafun maganaɗisu. Za ka ba shi wuta daga bayan makulli ta hanyar ƙaramin fiyus, ka zaɓi mai fuskar 4,000 in ka samu. Sai dai dole ka daidaita shi da wani ma'auni, ko dai na hannu mai haske da ake manna wa fulawil ɗan tef mai ƙyalli, ko mai siririyar waya da ke rawa idan an ɗora shi a jikin inji. Masu injin dizal ba su da tartsatsin ƙirgawa, nasu ana ɗauka ne daga altaneta, ko daga haƙoran fulawil, ko a maƙala na'ura a bututun nozul.

To me za ka yi da lambar in ta daidaita? Irin waɗannan injina iyakarsu ta sama kan tsaya ne a wajen 3,600 ba tare da kaya ba, kuma masu ƙera taraktar sau da yawa sukan sauko da ita ƙasa da haka. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙa'idar ANSI B71.1 ta Amurka, wadda ta taƙaita gudun ƙarshen wuƙa a ƙafa 19,000 a minti ɗaya. Saboda haka lambar da ke littafin taraktarka ita ce abin bi, ba ta kamfanin inji kaɗai ba. In ka ga 3,300 kuma haka littafin ya ce, kada ka taɓa gwamna, wato na'urar da ke riƙe gudun inji kada ya wuce iyaka. Jan sifirin ɗinsa don neman ƙarin gudu yakan ƙare da karyewar kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf, ga wuƙa mai jifa da tsakuwa da ƙarfin da ya wuce na da.

Amfaninsa na gaske lokacin aiki ne. Yi yankan da cikakken totur, domin fankar da ke sanyaya injin a jikin fulawil take, rage gudu rage iska ne alhali kaya na nan. Sa'ad da ka sa wuƙaƙe lambar za ta ɗan sauka, gwamna ya riƙe ta. In ta yi ƙasa sosai ta ƙi dawowa, rage saurin tafiya ko ka ɗaga wuƙa, daga baya ka duba kaifinta da matatar iska. In kuma tana hawa tana sauka ita kaɗai ba tare da ka taɓa komai ba, mafi yawanci kafireto ne ya toshe mai bai isa ba, sai a wanke ƙananan jet ɗinsa kafin a zargi gwamna.