Shekara 13 a shago ɗaya, har yau "yaron Alhaji" ake ce min

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a sakaya sunana. Ina aiki a wani shagon atamfa da shadda a kasuwar Wunti nan Bauchi, bana shekara 13 kenan, na shiga ina saurayi yanzu ga mata ga yara uku. Da Alhaji har kuɗin abinci da kayan sallah yake mana, in an yi ciniki mai kyau akwai ɗan ihisani, yanzu duk babu, albashi dubu 35 tun kafin a cire tallafin mai bai motsa ba, kuɗin keke daga Yelwa kullum shi ke cinye ni. Abin da ya fi min ciwo bara aka kawo wani yaro dan ya iya saka kaya a WhatsApp, wai albashinmu kusan ɗaya. Wlh yanzu ko kwastoma ya shigo bana jin tashi. Na ji an ce doka ta ce dubu 70, in kai ƙara ne ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Maganar dubu 70 a matsayin mafi ƙarancin albashi gaskiya ce, Tinubu ya sa hannu a Yulin 2024, kafin nan dubu 30 ne tun 2019, amma fa dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka wanda ake biya da kamisho. To shagon Wunti nawa ne ke da yara 25? In dai ku huɗu ne ko biyar kar ka ɓata kuɗin lauya. Abin da dokar ƙwadago ta ba ka shi ne takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3 da farawa, kuma tunda ka wuce shekara 5 sai an ba ka notis na wata guda kafin a ce ka tafi. Na san ko takardar ba ka taɓa gani ba.

Ni a ganina ba albashin ne asalin ciwon ba. A tsarin iyayenmu yaron shago ba dan albashi yake zama ba, yana yi wa ubangida hidima ne yana koyon kasuwa, in lokaci ya yi a sallame shi da jari ko a buɗe masa shago ana ba shi kaya yana biya, wani har aure ubangida ke masa. Yanzu an kawo albashi irin na boko amma ba fansho ba hutu ba ƙarin girma, sallamar kuma an yi shiru da ita, kai ba ma'aikaci ba kai ba yaron gida ba. Dole jiki ya mutu.

Dan haka maganar sallama za ka tayar, ba ƙarin dubu biyar ba. Kar ka yi a shago gaban mutane, ka same shi a gida bayan isha'i, in da hali tare da wani dattijo na ƙungiyar ƴan kasuwa da yake jin nauyinsa. Ka ce Alhaji iyali sun yi yawa, ko dai a yanka min kaso a kan kowane turmi da na sayar, ko a sa lokaci a ba ni kaya bashi in tsaya da ƙafata. Shi ma kasuwar ta matse shi, dala ta tashi kaya sun yi tsada, fitar da tsabar kuɗi zai masa wuya amma kaya bashi da sauƙi. Duk abin da aka yanke a rubuta, da shaidu biyu.

Abu ɗaya nake roƙonka, kar haushi ya sa ka fara ɗora ɗari biyar a kan farashi kana sokewa a aljihu, ranar da Hajiya ɗaya ta gano shikenan shekara 13 ta tafi a banza.

Shi kuma yaron nan ba kishiyarka ba ne. Kai ka san wacce ke biyan bashi da wacce sai an bi ta har gida, shi ya san waya, ka saya masa lemo ya nuna maka yadda ake ɗaukar hoton shadda launinta ya fito, dan ranar da ka buɗe naka za ka buƙata.