Amsar tambayar jaririn da jikinsa ya langaɓe, da maganar yankar tsoka

Ga muryar da babbar likitar yara ta turo cikin guruf jiya da dare. An rubuta ta saboda waɗanda ba su da data.

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri, sai yanzu na samu zama. Ƙanina likita, na saurari tambayarka. Ka ce yaro ne ɗan wata 8, har yau bai riƙe wuya ba, jikinsa lagab-lagab tun haihuwa, gwajin CK, sinadarin da ke hauhawa a jini in tsoka na rugujewa, ya dawo daidai, iyayensa kuma auren zumunci ne, ɗan wa da 'yar ƙani. Kana so a yanki tsoka a sa a fomalin, ruwan adana nama, a aika ɗakin gwaji. To, dakata tukuna, kada a yanki yaron nan sai ka gama jin abin da zan faɗa.

Da farko, jarirai masu sakin jiki da muke gani a wajenmu, yawancinsu matsalar a ƙwaƙwalwa take. Doguwar naƙuda, yaro bai yi kuka ba da aka haife shi, shawara ta yi tsanani a makon farko, ko sanƙarau. Akwai kuma tamowa da ƙarancin sinadarin maƙoshi, waɗanda suna da magani, abin kunya ne su wuce mu. Saboda haka ka tsaya ka kalli yaron da kyau. Wanda matsalarsa ta ƙwaƙwalwa ce, jikinsa a sake yake amma in ka tsikare shi zai janye ƙafa da ƙarfi, in ka buga guduma a gwiwa ƙafar za ta yi tsalle, kuma sau da yawa ba ya bin ka da ido sosai. Mai ciwon tsoka akasin haka ne. Idonsa tar, yana kallonka, ya san uwarsa, amma ya kasa ɗaga hannu daga shimfiɗa. Yana kwance ƙafafu a baje kamar kwaɗo, bugun gwiwa kuma shiru ko kaɗan-kaɗan.

In ka tabbata rauni ne na gaske, sai ka koma fuska, don a nan ne ciwon tsoka na haihuwa yake tona kansa. Fuska doguwa, siririya, baki a buɗe kullum, leɓen sama ya tashi kamar tanti. Ka haska cikin bakin ka ga ganɗa, za ka tarar ta yi zurfi sama. Ka duba ko fatar ido tana saukowa, ko ƙwayar idon ba ta juyawa sosai. Ka tambayi uwar, da cikinsa yana motsi kamar na 'yan'uwansa? Ruwan mahaifa ya yi yawa? Yana ƙwarewa in yana shan nono, kukansa ƙasa-ƙasa? Sannan ka duba kwatangwalo ko ya goce, da ƙashin baya ko ya fara karkacewa. Kuma don Allah ka kalli harshe lokacin da yaron ba ya kuka. In harshen yana ɗan rawa, fuska kuma lafiya lau, ƙirji ya tsuke ciki na hawa da sauka, wannan ya fi kama da SMA, ciwon jijiyoyin laka. Shi gwajin jini ne na ƙwayar gado SMN1, ba a yanka yaro a kansa yanzu.

CK ɗin da ka ce daidai yake, ya taimaka ƙwarai. Ciwukan tsoka na haihuwa gida biyu ne. Akwai waɗanda zaren tsokar an gina shi ba daidai ba amma ba ya rugujewa, su CK ɗinsu daidai ne ko ya ɗan hau. Akwai kuma masu cin tsoka, distirofi na haihuwa, inda zaren ke mutuwa, a nan CK yakan hau sosai, musamman mai rashin merosin, wani furotin na tsoka da ƙwayar gado LAMA2 ke yi, wanda in aka yi hoton MRI za a ga farin sashen ƙwaƙwalwa ya sauya alhali yaron hankalinsa kalau. Sai dai distirofin Ullrich, na matsalar furotin kolajin 6, yakan zo da CK da bai hau can ba, ka gane shi da yatsu masu lanƙwasuwa fiye da kima ga kuma gwiwar hannu da kwatangwalo a ƙage. Kada wani ya ce min Duchenne, distirofin yara maza, a kan ɗan wata 8 mai wannan CK. Shi sai wajen shekara 3 zuwa 5 ake lura, ga kumburin sha-raɓa, yaro na dafa cinya kafin ya miƙe, CK kuma dubbai.

Yanzu me ake gani in an duba tsokar a madubin ƙara girma na ɗakin gwaji? Ku da ke shirin jarrabawa ku buɗe kunne. Tsoka lafiyayya, zarurrukanta kusan girmansu ɗaya, cibiyar kowane zare, wato nukiliyas, tana gefe, kuma zarurrukan nau'i biyu ne, na 1 da na 2, a gauraye suke kamar gidajen dara. A ciwukan gida na farko, kusan kullum nau'i na 1 ne ke rinjaye kuma ya ƙanƙance. A kan wannan sai kowanne ya ɗora tasa alamar.

Na farko da aka bayyana shi ne mai ramin tsakiya, Shy da Magee a 1956. In aka yi rinin NADH, sai ka ga tsakiyar zaren fari fat, rinin bai kama ba, don babu mitokondiriya, masu samar wa zaren ƙarfi, a wurin. Yawanci matsalar ƙwayar gado RYR1 ce. Sai nemalin, 1963, sunan daga kalmar Girkanci mai nufin zare. Shi a rinin Gomori ake kama shi, zaren tsoka ya yi kore-kore, sai ga 'yan sanduna jajaye sun taru kamar an watsa tsinke, galibi a gefen zaren. Masu matsalar ƙwayoyin gado NEB da ACTA1 ne kan gaba, kuma su ne masu doguwar fuskar nan da raunin numfashi. Na uku, cibiyar ta baro gefe ta zauna a tsakiya, tsokar ta yi kama da ta ɗan tayi. Mafi muninsa na ƙwayar gado MTM1 ne, ta wajen uwa yake bi ya kama maza, yaro ya zo duniya ba ya iya numfashi da kansa. Shi ya sa nake tambayar uwa ko ta rasa 'yan'uwa maza suna jarirai. Na huɗu kuwa ba rami ba sanda, ƙanƙancewar nau'i na 1 kawai, wanda Brooke ya sa wa suna a 1973. Ni wannan ba na sakin jiki da shi, sau da yawa hoto ne na wucin gadi kafin ainihin ciwon ya fito. A distirofi kuwa hoton daban ne gaba ɗaya, zarurruka manya da ƙanana barkatai, wasu na mutuwa wasu na farfaɗowa, tabo da kitse sun cika tsakani.

To ka lura, duk rinin nan da na lissafa, a kan ɗanyar tsoka daskararra ake yin su. Fomalin yana kashe sinadaran da rinin ke nema. In ka jefa naman a ciki, rahoto zai dawo maka da cewa ba a ga wani abu takamaimai ba, an yanki ɗan mutane a banza, an karɓi kuɗin uban. Yadda ake yi, a daskarar da shi cikin ruwan sinadarin aisofentan da aka sanyaya da ruwan naitirojin. In ɗakin gwajin yana nesa kaɗan, a naɗe a bandeji mai ɗan danshin ruwan gishiri, ba jiƙe sharkaf ba, a rufe a kwalba, a ɗora kan ƙanƙara, ya isa cikin 'yan sa'o'i. Ɗan guntu kuma a sa a gulutaraldehaid, wani ruwan adana nama, in akwai madubin ilektiron. Saboda haka ka fara kiran mai duba naman ka ji ko yana da kayan. In babu, a fasa. Kuma a zaɓi tsokar da ta yi rauni matsakaici, yawanci cinya, ban da inda aka sha yi wa yaron allura, don tabon allura yana rikita hoton, yaranmu kuwa ka san cinyarsu ta sha allura.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne maganin barci. Yaro mai RYR1 in aka ba shi iskar barci ta halotan ko makamantanta, ko allurar sake tsoka ta sakisametoniyam, zai iya kamuwa da mugun zazzaɓin tiyata, jiki ya sandare, zuciya ta yi ta gudu, zafi ya hau. Maganinsa dantirolin ne, ka tambayi kanka ko akwai shi a inda kake. Ka rubuta gargaɗin da jan biro a katin yaron tun yau, ko kaciya za a yi masa a asibiti a sani.

Ni da a hannuna yake, jini zan fara ɗiba a kwalbar EDTA, mai hana jini daskarewa, don gwajin ƙwayoyin gado in iyayen za su iya. Ƙwayar gado ɗaya takan ba da hoto iri-iri, a Afirka ta Kudu ma an samu yara da yawa masu cibiya a tsakiya, ashe RYR1 ne. Kuma a jariri ƙarami ramin ba lallai ya bayyana ba tukuna.

Iyayen kuma ka zaunar da su. Wataƙila an riga an ce musu ɗan ruwa ne. Ka gaya musu ciwon tsoka ne, hankalinsa na nan, kuma da yawa daga masu CK daidai ba sa lalacewa da sauri, wasu har su yi tafiya a makare. In irin da ake gada daga uwa da uba ne, kowane ciki yana da 1 cikin 4, ka faɗa a hankali, a gaban mijin, kada a ɗora wa matar laifi. A kai shi sashen gashi da motsa gaɓoɓi, a riƙa ɗaga shi zaune wajen ciyarwa, rigakafi ya cika, tari kaɗan a dawo da shi da wuri, don numfashi ne ke ɗauke su.

Gobe ka duba min harshen da ganɗar da motsin idon, ka tambayi zancen 'yan'uwan uwar maza, sai ka kira ni bayan azahar. Kada ka sa hoton yaron a guruf.