Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan siket ɗin yunifom da takalmin aiki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina taya ki murnar samun aiki, Allah ya sa albarka, ya ba ki haƙurin zama da marasa lafiya, ya ƙara miki da na zama da 'yan jinya, don wani lokacin nasu ya fi wuya. Kin ce za ki fara aiki a asibiti nan Sakkwato, kina son sanin irin siket ɗin da ya kamata ki ɗinka da takalmin da ba zai kashe miki ƙafa ba, ga shi kuma kuɗin hannunki ba su taka kara sun karya ba tunda albashi bai fara shigowa ba.

Kafin ki taɓa yadi, je ki gaida matiron ɗinku, wato shugabar ma'aikatan jinya, ki tambaye ta launi, tsawon siket, tsawon hijabi da launin takalmin da aka yarda da shi. Kada ki ɗauka abin da kika gani jikin wata a UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shi ne na asibitin Specialist ko na Maryam Abacha, kowane asibiti da tsarinsa. Ki tambayi kuma sashen da za a kai ki, domin idan ɗakin tiyata ne, riga da wando na aiki za ki riƙa sakawa a ciki, kin ga babu amfanin ɗinka siket da yawa.

Tunda kuɗin kaɗan ne, shawarata mafi yawansu su tafi kan takalmi. Siket mai araha zai yi miki shekara babu wanda ya sani, amma takalmi mai araha a makon farko zai fara karɓar bashinsa. Aikin dare yakan kai awa 10 zuwa 12, mafi yawansu a tsaye kan tarazo ko tayil. Ciwon da ya fi damun mu shi ne na diddige, wanda idan kika tashi da asuba kika taka ƙasa sai ki ji kamar kin taka ƙusa, sai kin ɗan yi tafiya ya lafa. Jijiyar da ta shimfiɗe daga diddige zuwa yatsu ce take wahala, kuma takalmin da ƙasansa falan ɗaya ne yana daga cikin abin da ke ta da shi. Waɗannan 'yan sau-ciki masu laushi da ake naɗewa a jefa a jaka, na zuwa biki ne.

Idan kin shiga Babbar Kasuwa, ki je da yamma, lokacin ƙafa ta riga ta ɗan kumbura, kuma ki tafi da safar da za ki riƙa sakawa. Ɗauki takalmin ki lanƙwasa shi da hannu biyu. Idan ya lanƙwashe daidai gindin yatsu, madalla. Idan ya naɗe a tsakiya, ajiye shi. Ki matsa bayansa da babban yatsa, ya kamata ki ji tauri, shi ke riƙe diddige. Ki juya ƙasansa ki ga roba ce mai zane, don a ɗakin marasa lafiya ba a rasa jiƙaƙƙen wuri, ko an yi mofin, ko ruwan dirif ya zube, ko abin da ya fi haka. Tudun diddige kamar santimita 2 zuwa 3 ya isa. Ki saka duka biyun ki taka a gaban shagon, ki bar sarari kamar faɗin babban yatsa tsakanin doguwar yatsarki da bakin takalmin. Mai shago zai ce miki “Hajiya tahi da shi, yana buɗewa.” Fata takan ɗan saki a faɗi, amma babu takalmin da ke ƙara tsawo.

Na ga wasu sun ba ki shawarar irin na roba mai huji-huji a sama saboda zafi. Na san zafinmu, daga Maris zuwa Mayu ana wuce digiri 40, amma ban goyi bayan haka ba. Allura takan suɓuce, kuma tana iya sauka da tsininta. Jini da fitsari ma ba sa neman izini. Na taɓa ganin wata abokiyar aikinmu a ɗakin haihuwa, faya ta fashe daidai tana tsaye gaban gado, ruwan ya bi hujin nan ya cika mata takalmi, ga ta da faso a diddige. Idan na roba kike so, akwai wanda samansa a rufe yake, ki nemi mai maɗauri a baya. Kambas na yadi ma yana shan duk abin da ya zubo masa. Wanda ake gogewa da tsumma da ruwan Hypo shi ne abokin tafiya.

Mu da Allah ya ba fatar jan akuya da duniya ta san da ita, ba laifi ba ne ki sa badukun da kika yarda da shi ya ɗinka miki sau-ciki daidai ƙafarki, musamman idan mai faɗi ce. Sai dai ki ce ya sa ƙasan roba, ƙasan fata santsi gare shi a kan tayil. Na gwanjo kuma ki duba ƙasan da kyau, idan ya ci gefe ɗaya to ya riga ya ɗauki takun mai shi na farko.

Sai maganar alwala, wadda ba a cika ambata ba. Za ki yi salla biyu ko uku a wurin aiki, don haka ki guji mai igiya da yawa. Ki ajiye ƙaramin tawul a jaka ki riƙa tsane tsakanin yatsu kafin ki mayar da safa. Jiƙaƙƙiyar ƙafa a rufe cikin zafin nan ita ke kawo ƙaiƙayi da saɓar tsakanin yatsu. Idan hali ya samu daga baya, ki ƙara takalmi na biyu ki riƙa musanyawa, ɗaya ya sha iska. Takalmin aiki kuma ya tsaya a bakin ƙofa, kada ya shiga inda yara ke rarrafe.

Siket kuwa, yadin da na fi jin daɗinsa shi ne haɗin auduga da foliyesta, irin mai kashi 65 da 35. Auduga zalla tana da sanyi amma tana yamutsewa kafin ki isa asibiti, foliyesta zalla kuma tana riƙe gumi. Idan fari ne, ki ɗaga shi ga hasken rana ki sa tafin hannu a baya. Kika ga yatsunki, to sai da shafi. Ki jiƙa yadin ya bushe kafin ki kai wa tela, saboda takurewa.

Wurin awo ne ake yin asara. Tela ya saba da ɗinkin biki, hannunsa na son matsewa. Ki ce masa mai buɗewa daga ƙugu zuwa ƙasa kike so, da ninki a baya maimakon tsaga, da roba a bayan ƙugu, da aljihu biyu masu zurfi da za su ɗauki biro, almakashi, filasta da waya ba tare da sun zubo ba idan kin sunkuya. Ranar karɓa ki saka shi nan take, ki tsuguna kamar za ki duba jakar fitsari a ƙasan gado, ki ɗaga gwiwa kamar za ki hau gado ki danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya, ki yi dogon taku. Inda ya riƙe ki, a gyara. Ki tuna kuma da hawan kabu-kabu. Tsawon ya tsaya a idon sawu, ya suturta ki amma kada ya share ƙasa, don abin da ke ƙasan asibiti ba abin kai wa gida ba ne.

Idan jini ya taɓa shi, ruwan sanyi ne farko, ruwan zafi dafa shi yake cikin zare. Kada ki yawaita jiƙa fari cikin Hypo, yana sa mai foliyesta ya koma rawaya-rawaya, ɗan kaɗan da bula sun wadatar. Siket biyu sun ishe ki farawa, ki ƙara na uku kafin hunturu, lokacin da ƙura ba ta barin fari ya kwana biyu a jiki. Ki kai ɗinkin da wuri kuma, kada ki bari ya haɗu da cunkoson ɗinkin Salla.