Taswira, zango da ɗan gari: amsoshin tambayoyinku

Wata malamar firamare daga Katsina ta rubuto tana cewa: "Malam, ɗalibaina sun tambaye ni ko kalmar taswira Turawa ne suka zo da ita, tunda su ne suka zana ƙasarmu a takarda."

Malama, Allah ya saka da alheri. Kalmar ba ta Turawa ba ce, daga Larabci muka aro ta, daga taswir, wato fitar da surar abu. Tushensu ɗaya da sura mai nufin siffa, kamar a ce wane yana da kyakkyawar sura. Kada a haɗa ta da surar Alƙur'ani, wannan da harafin sinun take, waccan kuwa da sadun. Abin sha'awa, Larabawa kansu kharita suke ce wa zanen ƙasa, mu ne muka jawo taswira muka ba ta wannan aiki.

Batun cewa su ne suka zana ƙasar kuwa, akwai gyara. Lokacin da Bature matafiyi Hugh Clapperton, wanda ake kira Abdullahi a tafiyarsa, ya iso Kano a Janairun 1824, sannan ya wuce Sakkwato a watan Maris, babban abin da ke ransa shi ne sanin inda kogin Kwara ya nufa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattauna da shi, kuma daga fadarsa aka ba shi taswira mai rubutun Larabci, aka buga ta a Landan a 1826. Taswirar ta nuna Kwara tana gangarawa gabas zuwa Masar, abin da ba haka yake ba, sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin daga Busa har teku. To amma ki gaya wa yaran nan cewa akwai masu zana ƙasa a Sakkwato kafin Bature ya buɗe akwatinsa.

Wani ɗan'uwa daga Kumasi ya ce: "Me ya sa ake ce wa unguwarmu zango?"

Zango asalinsa masaukin ayari ne, inda madugu ke ba da umarnin a sauke kaya a kwana. Daga nan ya zama ma'aunin nisa, a ce gari kaza zango uku ne daga nan. Fataken goro da ke zuwa Gwanja suka yi ta yada zango a Salaga da sauran wurare, wasu suka zauna, sunan ya zauna tare da su. Zangon karatu ma daga nan ya fito.

Tambaya ta uku ita ta fi tsaya mini a rai. Wani dattijo daga Damagaram ya ce: "A fayyace mana da ɗan gari akan ci gari. Yabo ne ko zargi?"

Baba, ranka ya daɗe, karin maganar na ɗauke da duka biyun, saboda kalmar ci. A Hausa ana cin kasuwa, ana cin jarrabawa, ana kuma cin gari da yaƙi. A ma'ana mai sauƙi, baƙo ba ya samun biyan buƙata sai ya riƙe wanda ya san lungu da saƙo. A ma'ana mai nauyi, ganuwa ba ta faɗuwa sai wani na ciki ya nuna ƙofa.

Dubi Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim. Ya baro Tarabulus a 1850, ya bi ta Agadas, ya shiga Kano a Fabrairun 1851, ya je Kukawa da Yola da Sakkwato har Tambutu, bai koma Turai ba sai 1855. Ya koyi Hausa, yana zama da fatake da alhazai da malamai yana tambaya: daga nan zuwa can kwana nawa, ina rijiya, wane gari ke da ganuwa. Hanyoyi da dama da masanin taswira August Petermann ya zana a taswirorin littafin Barth mai juzu'i biyar, Barth bai taka su da ƙafarsa ba, daga bakin mutanenmu ya ji su, zango bayan zango. Har wani yaro Bahaushe daga ƙasarku, Dorugu, ya yi masa hidima ya bi shi Turai.

Ni ban ga laifin waɗanda suka amsa masa ba. Al'adarmu ce a nuna wa baƙo hanya, mu ne muka ce matambayi ba ya ɓata. Abin da ke sosa mini rai shi ne sunan mai tambaya ya hau kan taswira, masu ba da amsa kuwa da yawansu sun ɓace. Kuma abin da aka faɗa wa baƙo ɗaya a zaure ya koma takarda da kowa zai iya buɗewa, har da masu bindiga. Shekara hamsin da biyu bayan shigar Barth Kano, a Fabrairun 1903, sojojin Ingila suka ci garin, wata guda bayan nan suka ci Sakkwato.